Yayata Mai Fara Littafi Daga Baya

Yayata ba ta taɓa fara littafi daga farko ba. Tun muna yara haka take. A miƙa mata littafi, sai ta kifa shi kamar mai duba gindin tukunya, ta buɗe shafin ƙarshe, ta ga wa ya mutu, wa aka kama, wa ya auri wa. Sai ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta koma shafi na ɗaya kamar mutuniyar kirki. Wannan hali yana ƙona mini rai, kuma ina da hujja, domin ni maɗinkin littattafai ne. Aikina shi ne in jera shafi bayan shafi yadda marubuci ya so, in ɗinke, in shafa gam, in yi bango. Sai ga wadda muka fito ciki ɗaya da ita tana shiga gidan ta taga.

"Yaya, wannan fa sata ce," nakan ce mata.

"Satar me, Auta? Ni ba zan ba mutum zuciyata kwana da kwanaki ba, sannan a kashe mini shi a shafin ƙarshe ba ko sallama. Gara in san da wa zan saba."

A layinmu Ƙwas-ƙwas ake kiranta, saboda ƙarar tafiretarta. Duk ƙuruciyarta ta ƙare a ofishin wani kamfanin jigilar kaya, tana buga wasiƙun da wasu suka tsara. Tana bugu tana hira da kai, ba ta ko kallon hannunta, kuma ba za ka tsinci kuskure ba. Da aka kawo kwamfuta ta koya don dole, amma ta ce abu ne marar kunya, ka rubuta ka goge ba wanda ya sani. Ranar da ta ajiye aiki suka ce ta zaɓi abin da take so, ta rungumo tsohuwar tafiretar ta kawo gida. Mijinta ya rasu tun yara suna ƙanana, da yatsun nan ta rene su su biyu: mace, wadda yanzu take aure a wani gari mai nisa, da namiji, wanda muke kira Dogo.

Dogo ya tafi neman aiki ƙasar waje. Da farko yana kira duk mako, sai kiran ya fara ja da baya, sai wata rana lambar ta daina shiga. Mun nema. Duk wanda aka ce ya taɓa zama ɗaki ɗaya da shi mun kira shi, duk ofishin da aka kwatanta mana mun je. Ba labarin mutuwa, ba labarin rai. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Ni dai ban san abin da ya fi wannan ciwo a gidanmu ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ce macen da ba ta iya jure rashin sanin ƙarshen labarin ƙarya, ita ce aka ɗora wa wannan.

Ba ta yi ta kuka a gaban mutane ba. Rubutu ta fara. Labarin wata mata ce mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, wadda ɗanta ya hau jirgin safe bai dawo ba, ita kuma aikinta ya ɗaure ta a bayan wata 'yar taga inda take ganin duk wanda ya sauka. Yaya ta rubuta shi babi bayan babi, har ya rage babin ƙarshe. A nan ta cije. Ta dawo da yaron, ta yage takardar, ta ce ƙarya ce. Ta kashe shi, hannunta ya ƙi buga kalmar. Haka littafin ya zauna a kwali, kullum da safe ta ciro takardar ƙarshe ta zuba mata ido, ta mayar.

Ana cikin haka ciwon gaɓoɓi ya kama yatsunta. Suka fara kumbura suna lanƙwashewa, sanyi kuma shi ne babban abokin gabarsu. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce abin gaba zai yi, ba baya ba. Na ce ta riƙa faɗa matata tana rubuta mata. Ta kalle ni kamar na zage ta.

"Labarina a yatsuna yake, Auta, ba a bakina ba. In na buɗe baki, surutu ne kawai yake fitowa. Kai shaida ne."

Ni shaida ne kuwa.

A makon farko na sanyin shekarar da nake ba ku labari, ina shago ina ɗumama gam da ya daskare, sai ga ta da kwali a ka. Ta dire shi a kan teburina, ta ture allurai da zare. A sana'armu mukan yi amfani da tsofaffin takardu mu liƙa a gadon bayan littafi da cikin bango don ya yi ƙwari, mu muna ce masa ciko. Ta san da haka.

"Ga shi, ka yi ciko da shi. Takarda ce mai kyau, kada ta lalace a banza."

Na buɗe na ga abin da ke ciki, sai na ji raina ya ɓaci. "Yaya, kanki ɗaya kuwa?"

"Kaina ɗaya, yatsuna ne ba ɗaya ba. Wannan sanyin in ya wuce ba na jin zan sake buga ko sunana. Ba zan zauna da abu rabi yana kallona ina kallonsa ba."

Muka yi ta kai ruwa rana har wani da ya zo karɓar littafinsa ya juya ya ce zai dawo. Daga ƙarshe na ce ta ba ni watannin sanyin nan kawai. Kwalin ya zauna a wurina, ita kuma ta karanta duk abin da na ba ta, ba musu. In zafi ya shigo ba ta gama ba, na yarda a yi cikon.

"Da hannuna zan shafa gam ɗin," in ji ta.

"Na ji."

Ya kamata in faɗi inda na samo wannan ƙarfin hali. A bayan shagona akwai kanta cike da littattafai, wasu nawa ne, wasu masu su sun kawo gyara sun manta da su. Da sanyi ya shigo, rana ta gajarta, mutane suka daina zaman waje, sai masu son karatu su fara leƙowa suna tambaya, "Me za mu karanta bana?" A cikinsu akwai masu son zama marubuta, kuma su na fi jin daɗin zaɓa wa, domin kowa da cutarsa. Wanda yake cinye shafi uku yana kwatanta labulen ɗaki, sai in ba shi siririn littafi wanda ba kalmar banza a ciki. Wadda duk mutanen labarinta suke magana da murya ɗaya kamar masu karanta labarai a rediyo, sai in ba ta littafin da ake faɗa a ciki tun daga shafin farko. Ban taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, amma wanda ya ɗinka littattafai da yawa yakan karanta su yana jiran gam ya bushe. Cutar Yaya ce dai ban taɓa haɗuwa da irinta ba, don haka na yi mata abin da ban taɓa yi wa littafi ba.

Na zaɓo wani ɗan siriri, labarin wa da ƙane masu kwalekwalen kamun kifi guda ɗaya. Wan ya san injin yana da matsala bai faɗa ba, ƙanen ya fita da shi ranar da hadari ya haɗo. Na sa wuƙa na warware ɗinkin baya, na zare ɗaurin shafukan ƙarshe, na kulle su a aljihun tebur, na sake ɗinke littafin tsaf. Ji na yi kamar na yanke wa lafiyayye ƙafa. Na naɗe shi a takarda na kai mata.

Washegari ko buɗe ƙofar shago ban gama yi ba sai ga ta.

"Auta! Ina ƙarshen?"

"Ina kwana, Yaya."

"Ban kwana ba! Ina ƙarshen littafin nan?"

"Yana nan lafiya. Ki karanta, ki rubuto mini naki ƙarshen, sai in ba ki nasa."

Abin da ta kira ni a ranar ba zai rubutu ba. Ta fita fuu ta nufi bakin titi wurin Mai Jarida, wani tsoho da ke shimfiɗa jaridu da tsofaffin littattafai a gindin fitilar hanya. Amma na riga ta, tun ranar da na kai mata littafin na ja masa kunne. Ina kallo daga ƙofa tana nuna masa bangon, shi kuma yana girgiza kai cike da tausayi.

"Kash, Maman Dogo, jiya-jiyan nan na sayar da na ƙarshe."

A kai yake zaune. Ya shimfiɗa buhu a kan littafin ya hau, har ta tafi bai ko gyara zama ba.

Haka Yaya, da furfurarta, ta karanta littafi daga farko ba tare da ta san inda za a kai ta ba. Matata da ta leƙa ta ta dawo tana dariya, ta ce ta tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus, Yaya tana zaune dab da hitar ɗumama ɗaki da bargo a kafaɗa tana yi wa wan masifa da ƙarfi, "Faɗa masa mana, munafuki!" Bayan 'yan kwanaki ta kawo mini rabin shafi. A cikin rabin shafin nan hadari ya watse, ƙane ya dawo da kifi cike da kwalekwale, wa ya nemi gafara, kowa ya rungumi kowa.

"Yaya, ke kanki kin yarda da wannan?"

"Ba ni nasa, ka daina yi mini tambayar 'yan sanda."

Na buɗe aljihun tebur na ba ta. A tsaye ta karanta. Ƙanen ya tsira, wan ne ya bi shi a wani kwalekwale don ya ceto shi, shi ne bai dawo ba. Ta jefar da shafukan a kan tebur, hawaye yana zuba, tana cewa marubucin nan ba shi da imani. Ta kai ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Amma dai ba ƙarya ya yi ba. Dole wan ya bi shi. Tun a babi na biyu ya kamata in gane."

Littafi na biyu ƙato ne, irin wanda ake tokare ƙofa da shi, kuma irin littafin da sanyi yake so ke nan, wanda za ka shiga ka daɗe ba ka fito ba. Labarin wasu 'yan'uwa mata ne da suka gaji tsohon gida, wannan tana so a sayar, waccan ta rantse sai dai a fitar da gawarta, ta ukun tana bin bayan duk wadda ta yi magana ta ƙarshe. Yaya ta sha dariya a wannan, har takan biyo ta shago don kawai ta karanta mini wani zagi da ya burge ta. Ƙarshen da ta rubuto wannan karon ya yi shafuka da dama, sai dai ta wuce gona da iri. Tunda ta ga marubucin farko ya yi kisa ya ci riba, sai ta sa gobara ta cinye gidan da duk wanda ke ciki.

"Har da kyanwar gidan, Yaya? Me kyanwa ta yi miki?"

"Ai kai ka ce kada in yi ƙarya."

"Ban ce ki yi kisan kiyashi ba."

Ta karɓi shafukan gaskiya ta zauna a kan kujerar baƙi. A littafin, ba a sayar da gidan ba, ba a kuma fasa sayarwa ba. Ruwan sama ne ya sauko, rufi ya fara yoyo, 'yan'uwan nan da suka yi wata ba sa magana suka tashi suna miƙa wa juna bokiti da kwano, babbar tana ba da umarni, ƙaramar tana dariya. A nan marubuciyar ta tsaya. Yaya ta juya takardar ta duba bayanta, ta duba ƙasan tebur.

"Ka ɓoye sauran."

"Wallahi shi ke nan."

"To gidan fa? An sayar ko ba a sayar ba?"

"Ba ta faɗa ba."

"Wannan ba ƙarshe ba ne, tsayawa ce kawai." Ta shafa takardar. "Amma ka san abin haushi? Na ƙoshi. Ban ji ana bi na da saura ba."

Na ɗauka mun kama hanya, sai sanyin ya tsananta. Ruwan famfo ya koma kamar yana cizo, iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Yatsun Yaya suka kumbura har ba ta iya ɓalle maɓallin rigarta. Matata takan je da safe ta jiƙa mata su a ruwan ɗumi, ta shafa mai, ta kuma yanke kan wata safar hannu don yatsun su leƙo. Duk da haka ƙarar tafireta ta ɗauke a layin. Maƙwabta har tambaya suke ko ta yi tafiya. Da na je duba ta na tarar ta rufe tafiretar da mayafi, tana zaune hannuwa a cinya.

"Auta, wasan ya isa. Na ji daɗin littattafanka, Allah Ya saka. Amma ƙarshen labarin wasu daban, nawa daban. Ka dafa gam ɗinka."

Tsoro ya kama ni sosai, domin ba da faɗa ta faɗa ba. Yaya in tana faɗa, da sauran magana. Sai na yi mata tambayar da ban taɓa tunanin yi ba.

"Yaushe rabon da ki karanta littafin naki daga farko?"

Ta ɗago ta dube ni. "Daga farko kamar yaya? Ni na rubuta shi."

"Na sani. Kin taɓa zama kin karanta shi daga shafi na ɗaya har inda kika tsaya?"

"A'a. Me zan nema a can? Inda matsalar take nake dubawa."

Na kusa faɗuwa daga kujera. Shekara da shekaru matar nan tana buɗe kwali tana ciro takardar ƙarshe, kamar yadda take yi wa littafin kowa, tana jiran ƙarshe ya fito mata a wurin. Nata littafin ma ta baya take shigarsa. Ban faɗa mata wannan ba, don in na fara ba za mu rabu lafiya ba. Na ce akwai saura littafi ɗaya a alkawarinmu, ta yi haƙuri ta karɓa.

Na koma shago na ajiye aikin kowa. Na fito da takardunta na daidaita su, na danne a matsi, na huda, na ɗinke da zare mai ƙwari, na datse gefuna suka yi sumul. Na yi masa bango da koren yadi, mafi kyau da nake da shi. A gadon bayansa na bar fili kamar kaurin ɗan yatsa, inda babin ƙarshe zai shiga, ban kuma manne bangon baya ba. Ni ma a wurin aikin na karanta shi, kuma in faɗi gaskiya na yi mamaki. Na san Yaya da baki, ban san tana da irin wannan idon ba.

Na naɗe shi kamar sauran na kai mata. Ta warware takardar da ƙyar, ta kifa shi yadda ta saba, ta buɗe baya, ta ga fili. Ta buɗe baki za ta fara, sai idonta ya faɗa kan haruffan. Ta san bugun tafiretarta kamar yadda uwa ta san tafiyar ɗanta. Ta daɗe tana riƙe da shi.

"Ba ka yi cikon ba."

"Zafi bai shigo ba tukuna. Wannan shi ne littafin da na zaɓa miki bana. Wata mata ce ta rubuta shi, ba ki san ta ba. Ki fara daga farko, ki rubuto mini ƙarshen kamar yadda kika yi wa sauran."

"Ɗan banza," in ji ta, a hankali. Ta buɗe shafi na ɗaya.

Kwana biyu ban ji ɗuriyarta ba. A na uku ta kira ni a waya, ko gaisuwa babu.

"Auta, matar nan ashe ba zaman jira kawai take yi ba! Ka ga yadda ta ɓoye tsohon nan da ya ɓatar da tikitinsa? Ka ga yadda take ajiye wa masu shara ruwan zafi? Ni na ɗauka labarin yaron nake rubutawa. Yaron ko babi ɗaya bai cika ba. Labarinta ne!"

"To me za ta yi a ƙarshe?"

"Rufe mini baki, ina tunani." Ta kashe wayar.

Washegari ƙarar ta dawo. Ba irin ta da ba ce mai zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Ɗaya-ɗaya take fita, ƙwas, sai a jima, ƙwas, domin da yatsa biyu take bugawa, su ma a cikin yankakkiyar safa. Matata ta ce takan buga layi kaɗan, ta tsoma hannu a ruwan ɗumi, ta goge, ta koma. Mai Jarida da kansa ya bar shimfiɗarsa ya zo ya tsaya a ƙarƙashin tagarta ya saurara, ya dawo ya ce mini, "Injin ya tashi." Ni kuwa kullum da safe sai in taɓa gam in ji ko ya fara saki, don shi ne agogona. Ya fara saki. Mutane sun fara fitowa ba rigar sanyi. Ban taɓa roƙon sanyi ya daɗe ba sai a shekarar.

An buga littafin daga baya, kuma mutanen da ba su san mu ba sun karanta shi, har wata mata ta yi doguwar tafiya don kawai ta riƙe hannun Yaya. Amma ba wannan ranar nake tunawa ba. Wadda nake tunawa wata safiya ce da rana ta fito da ɗan zafinta, ina share ƙofar shago, na hango ta tafe da koren littafi a hammata da wasu takardu a hannu. Ba sauri take ba. Ta shigo ta ajiye su a teburina ta zauna.

"Karanta."

Na goge hannuna na karanta a tsaye. Jirgin yamma ya iso, mai tikiti tana bayan tagarta tana duba fuskoki kamar kullum. Kowa ya sauka, kowa ya sami mai tarbarsa, tasha ta watse. Sai wata yarinya ta rage ita kaɗai da jaka mai tsinkakken hannu. Ta sauka a tashar da ba tata ba, wayarta ta mutu, jirgi kuma sai gobe. Tana ta waige-waige tana ƙoƙarin kada ta yi kuka. Mai tikiti ta daɗe tana kallonta. Sai ta ja labulen tagarta, abin da ba ta taɓa yi ba kafin lokacin tashi, ta fito, ta ɗauki jakar ta ce, "Uwarki tana can tana duba hanya. Zo mu je gida ki kira ta."

Nan ya tsaya. Na nemi kujera na zauna. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, irin kukan da ban yi ba tun tafiyar Dogo.

"Yaya," na ce, "shi fa? Yaron?"

"Ban sani ba, Auta." Ta faɗe shi kai tsaye, idonta a bushe. "Ban sani ba, kuma na gama littafina. Ɗinke mini."

Na zare allura na sa zare. Babin ya shiga filin da na bari kamar an auna. Da na zo ƙullin ƙarshe ta ce in dakata, ta miƙo karkatattun yatsunta ta kama bakin zaren, muka ja tare. Na shafa gam a bangon baya, na ce ta bari ya kwana a matsi ya bushe.

Ina! Ta fizge shi da ɗanyen gam ɗinsa ta fita tsakiyar titi, har wani mai keke ya kauce mata. Ta ɗaga shi sama da hannu biyu.

"Mai Jarida! Kai, maƙaryacin tsoho! Na gama!"

Tsohon ya miƙe tsaye yana tafi, masu shaguna suka leƙo, mai gyaran takalmi ya hau buga guduma a kan teburinsa ba tare da ya san me ake murna ba. Yaya ta tsaya a cikin rana, gam yana bin hannun rigarta, tana juyawa tana nuna wa kowa littafin, tana dariya da dukkan bakinta.